Dambun Nama a Kan Dutsen Shams

Ni mutumin Kano ne, kuma har na ba shekara talatin baya iyakar sanina da dutse shi ne Dala. Shi ɗin ma sau ɗaya na hau, muna 'yan firamare, na sauko ina riƙe da bayan rigar malaminmu ina salati. Saboda haka da aiki ya kai ni Doha a tsakiyar shekarun dubu biyu, sai na ga Allah ya dubi raunina. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, duk abin da ka ga ya yi sama gini ne, kuma akwai lifta a cikinsa. Ina aikin injiniya a wani kamfanin gas, ina zaune a ɗan ƙaramin falat a unguwar Tsohon Filin Jirgi, a ƙasanmu akwai shagon wani Ba'indiye mai shayin karak. Ban nemi komai ba bayan wannan, sai aure.

Wadda nake so 'yar wani likita ce, Bafulatanin Mambila, wanda ya daɗe a Doha tun kafin dogayen gine-ginen bakin teku su fara tsirowa. Gidansa ne matattararmu ran Juma'a. In an sauko daga masallaci za ka tarar da direbobi da masu gadi da injiniyoyi da malaman makaranta a falonsa, kowa da labarin kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ana musun siyasar gida kamar mu ne za mu gyara ta daga nan. Shi kuwa likitan dogo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa. In ka yi masa dogon bayani sai ya dube ka ya ce, "To, madalla," ka rasa yabo ne ko sallama. 'Yar tasa ta gama karatu a Zariya ta dawo wurin iyayenta. Kwamfutarta ce ta lalace aka ce in duba, na gyara ta a zama ɗaya, amma na yi makonni ina komawa in ga ko ta sake lalacewa. Muka fahimci juna. Mahaifiyarta ta sani, kuma ba ta ɓata rai ba. Saura Likita.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, akwai wani ɗan yayansa a Yola, shi ma likita, wanda dangi suka daɗe suna yi wa sha'awar yarinyar. Ni kuma mahaifina ya rasu, baffannina suna Kano, ba zan kwashe su in tura har Gembu, garinsu Likita, su je su sha kunya ba sai na ga alamar uban ya yarda. Na samu wanda zai shiga tsakani, wani babban abokin aikina, Bazazzagi mai tumbi, ya girme ni nesa ba kusa ba. Tun ranar da ya ji ni Bakano ne ya mayar da ni abin tsokanarsa, amma mutum ne mai hana idonsa barci a kan al'amarin wani. Ya je wurin Likita, ya sake komawa, kullum ya dawo da amsa iri ɗaya: Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Na ce, "Wannan ai ba amsa ba ce."

Ya ce, "Amsa ce mana, ta Fulani. Kai dai ka ci gaba da gyaran kwamfuta."

Wata Juma'a, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, wadda a shekarar ta faɗo cikin sanyi, mun tashi za mu tafi, ina neman takalmina a bakin ƙofa, sai Likita ya ce, "Injiniya, da hutun Sallah za ni Oman hawan dutse. In kana da sarari ka raka ni." Na ce, "To, Baba," tun kafin maganar ta gama shiga kunnena. Sai da na zauna a mota na gane abin da na amsa. Kowa ya san Likita da wannan hali, duk shekara sai ya nemi wata ƙasa mai duwatsu ya je ya wahalar da kansa ya dawo yana murmushi, amma ba mu taɓa jin ya gayyaci kowa ba.

Da na faɗa wa Bazazzagi, ya yi dariya har da buga sitiyari.

"Khalas, shi ke nan, jarrabawa ce," in ji shi. "In ka kai ƙololuwa ka samu mata, in ka faɗo in gaji motarka. Ni ma za ni, a matsayin wakilinka. Ba a tura Bakano daji shi kaɗai, kafin a juya ya buɗe shago."

Muka shiga atisaye. Ina za ka koyi hawan dutse a garin da ba shi da ko tudun da akuya za ta tsaya a kai? Kornish muka nufa, doguwar hanyar nan ta bakin teku. Bayan La'asar mu fara daga inda jiragen ruwan katako suke ɗaure, mu bi bakin ruwa da jakunkuna cike da litattafai a bayanmu, Larabawa da iyalansu suna zaune a kan ciyawa suna kallonmu. Ni da gaske nake yi. Shi kuwa Bazazzagi da an yi ɗan nisa sai ya ce ya kamata mu koyi hutawa ma, tunda a kan dutse za a huta. Ƙarshen atisayen kullum shawarma ne da karak. A gida kuma na daina shiga lifta, ina hawa ina sauka a matattakala har mai gadin gidanmu, wani ɗan Nepal, ya tambaye ni ko na yi ɓatan wani abu ne. Da na ce masa dutse zan hau, ya dubi tafiyata ya ce Allah ya taimaka.

Aka yi Sallah, aka yi layya. Matar Likita, wadda muke kira Hajiya, ta yi dambun nama da cinyar ragonsu, ta ƙulla mana ƙunshi uku, kowanne da dabino da gurasa. Yarinyar ta kira ni a waya ta ce ita da hannunta ta daka naman, in ban cinye nawa ba kada in sake yi mata magana. Kamfani ya ba mu izinin fita, muka hau jirgi zuwa Maskat, muka ɗauki hayar mota mai ƙarfi, muka bi ta Nizwa. Tun daga nesa na fara hango abin da na jawo wa kaina. Duwatsu ne baƙaƙe, tsirara, wani a bayan wani, har ido ya gaji. Motar ta yi ta hawa tana kewaye, kunnuwana suka toshe, Likita yana gaba yana nuna wa Bazazzagi gonakin dabino a can ƙasa. Muka sauka a wani ɗan masauki a gindin hanyar da za mu bi, shi ɗakinsa daban, mu namu daban. Sanyin wurin ya tuna mini da cewa rigar sanyin da na saya a Doha ta ado ce.

Da muka yi sallar Asuba na sha shayi kofi ɗaya, abinci kuwa fargaba ta hana shi wucewa. Gari na wayewa muka fito. Dutsen Shams ake kiran wurin, shi ne mafi tsawo a ƙasar, hanyar kuma tana bin doronsa ne har ƙololuwa, a je a dawo a yini guda. Ba hanya ba ce irin wadda na sani. Fenti ne kawai aka shafa a jikin duwatsu nan da can, rawaya da fari da ja, in ka isa wannan ka nemi na gaba da ido.

"Injiniya, wuce gaba," in ji Likita. "Ina so in riƙa ganin inda kake sa ƙafa."

Na ce, "Baba, ai ba zan shiga gabanku ba."

Ya ce, "A nan za ka shiga."

Haka muka jeru, ni a gaba, Likita a bayana da sandarsa, Bazazzagi a ƙarshe yana huci yana cewa yalla, yalla, mu je, kamar shi ke jan ayarin.

Gaskiya zan faɗa, wurin yana da kyau, kyan da ya mantar da ni tsoro na ɗan lokaci. Rana ta fito ta bugi duwatsun suka koma ja, iska mai sanyi ba ƙura ba hayaƙi, shiru kuwa irin wanda ban taɓa ji ba, har ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalmi sai ka ji ta yi yawa. Can sai hanyar ta kai mu bakin kwazazzabo. Na leƙa sau ɗaya na ja da baya. Ƙasa ta tsage ne kawai ta yi zurfin da ƙauyen da ke cikinta ya koma kamar an zubar da ashana, ungulaye suna shawagi a ƙasa da mu. Ni da na saba ɗaga kai in ga ungulu, yau ga ni ina kallon bayanta. Wasu awaki masu dogon gashi suka biyo mu, suna tsalle a bakin ramin ko a jikinsu, Bazazzagi ya ce da ganin rashin kunyarsu asalinsu Kanawa ne.

Matsalata ta fara ne a hutun farko. Muka samu wani faffaɗan dutse, Bazazzagi ya zube, ya kwance ƙunshinsa, ƙanshin dambu ya tashi, ya ce, "Bismillah." Likita ya ce mu ci, mu kuma riƙa shan ruwa ko ba ma jin ƙishirwa, domin sama tana busar da mutum bai sani ba. Ya matsa 'yan taku kaɗan ya tsaya yana duban nesa da madubin hangensa. Na kai hannu jaka, sai hannun ya tsaya.

A gidanmu ba a cin abinci a gaban suruki, ba a kuma shan ruwa. Na taso na ga mijin yayata, ƙato mai gemu, ya haɗiye dankali mai zafi ɗungurungum don mahaifinmu ya yi sallama, hawaye na zubo masa yana cewa lafiya lau. To balle Bafulatani, wanda kunya ce abin da ya fara dubawa a jikin mutum. Na ce a raina, watakila ma jarrabawar ke nan, ba dutsen ba. In na buɗe baki ina tauna a gabansa, ya koma ya ce wa Hajiya yaron nan ba shi da ta-ido, shi ke nan ɗan Yola ya yi nasara yana zaune a ofishinsa. Kuma a doron dutsen nan babu lungu, babu inuwar da za ka ɓuya, duk inda ka tsaya kowa na ganin kowa.

"Ci mana," in ji Bazazzagi da cikakken baki.

Na ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Ya dube ni, ya dubi Likita, ya yi wani murmushi, ya jawo ƙunshina ya ɗebi rabonsa a ciki.

Muka ci gaba. Hanyar ta miƙe tana hawa, ba tsaye sosai ba, amma ba ta ƙarewa. Duk tudun da na ɗauka shi ne na ƙarshe, in mun hau sai wani ya leƙo daga bayansa. Muka shiga wani wuri mai gajerun itatuwa masu murɗaɗɗen jiki, Likita ya ce wasunsu sun girmi kakannin kakanninmu. Ya fara sakin jiki yana ba da labarin Mambila, yadda suke bin shanu cikin hazo suna yara, yadda ƙafa take koyon dutse tun kafin kai ya koya. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba, na ji daɗi ƙwarai, ina ta cewa, "Haka ne, Baba," alhali harshena ya fara manne wa dasashi. Sau ɗaya na zaro gorar ruwa a hankali na kai baki, daidai lokacin ya ce, "Injiniya, dubi gaggafa can." Na juyar da gorar ina karanta rubutun jikinta kamar abin da na ɗauko ta yi ke nan. Wani hutun kuma da ya sake cewa a sha ruwa, na juya gefe na jiƙa leɓe kawai, don na san in na fara haɗiya maƙogwarona zai yi ƙarar da za a ji har Maskat.

Na sa raina a kan Azahar. Na ce in an zo alwala, wurin kurkurar baki zan saci abin da ya samu, Allah ya ga halin da nake ciki. Da lokaci ya yi Likita ya ce ruwan da ya rage na sha ne, mu yi taimama. Ban taɓa dukan ƙasa da baƙin ciki irin na ranar ba.

Bayan salla muka shiga inda doron ya tsuke. Dama rami, hagu gangara, iska tana kaɗa riga. Kaina ya fara sarawa kamar ana daka a ciki. Fentin da nake bi ya fara zama biyu-biyu, in na nufi ɗaya sai in ga ashe ɗayan ne na gaskiya. Ga ƙololuwar can ana hangenta, ba ta da nisa. Na ce wa kaina saura ƙiris, in na kai an gama. Sai jijiyar ƙafata ta dama ta ɗaure, ta hagu ta taya ta, na ji ƙasa ta taso ta same ni. Ban san na faɗi ba sai da na ga takalmin Likita kusa da hancina. Allah ya sa ta gefen gangarar na kife, kuma Likita ya riga ya cafke jakata ta baya.

Suka ja ni zuwa gindin wani ƙaton dutse. Likita ya kama hannuna ya ji bugun jini, ya ja fatar bayan hannun ya saki, ya ce in fito da harshe. Ka ga mutumin da ya ƙi shan ruwa don kunya, ga shi ya zaro harshe a gaban surukin da yake nema. Ya buɗe jakata, ya fito da gorunan ruwa, duk a cike. Ya ɗaga su yana kallo. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar, kuma ba ni ya yi wa magana ba, Bazazzagi ya fuskanta.

"Malam, tun safe yaron nan bai sha ruwa ba? Kana kallo? Wane irin sakarci ne wannan? A nan mutum yake mutuwa a kan abin da bai kai wannan ba. Me zan ce wa mutanensa?"

Na rufe ido. Na san ta ƙare. Ban kai ƙololuwa ba, na hana shi kaiwa, ga shi kuma an kira ni sakarai. Na ji baƙin ciki ya tokare ni fiye da ciwon kan, har na fara tunanin yadda zan daina zuwa gidan Juma'a ba tare da mutane sun gane dalili ba.

Sai na ji Bazazzagi yana dariya. Da fari ƙasa-ƙasa, daga baya ya sake ta gaba ɗaya har tana dawowa daga kwazazzabon.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa," in ji shi. "Ni ne a baya, ni na ga komai. Wannan yana gaba yana mutuwa da ƙishirwa don kada ka ga yana sha. Kai kuma kana bayansa kana kurɓa a sace, da ya waiwayo ka tura gorar cikin riga. Ga jakarka nan a buɗe, ƙunshinka ko kwance shi ba a yi ba, ƙullin Hajiya ne a kai har yanzu. Shekara nawa muna haɗa hannu da yaron nan a faranti ɗaya a falonka? Yau me ya hana ka ci a gabansa?"

Na buɗe ido ɗaya. Likita yana tsaye da gora a kowane hannu. Sai ya juya mana baya, na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, irin tasu, ba sauti.

Da ya nutsu ya zuba gishiri da sukari a gora ɗaya, ya girgiza, ya miƙa wa Bazazzagi, ya ce, "Ba shi ya sha kaɗan-kaɗan, kada ya kwankwaɗa. In ya zauna masa ya ci abinci." Ya ɗauki ƙunshinsa ya zagaya ɗaya gefen dutsen ya zauna. Ni a nan, shi a can, dutse a tsakaninmu, ba mai ganin wani. Bazazzagi ya hau saman dutsen ya zauna kamar alƙali, yana miƙa wa wannan dabino yana miƙa wa wancan gurasa, yana cire ladan aikinsa a kowace miƙawa.

Ban taɓa shan abu mai daɗin ruwan gishirin nan ba. A hankali duniya ta koma guda ɗaya, jijiyoyin suka saki. Na kwance abin da Bazazzagi ya rage mini na dambu na fara ci. Daga bayan dutsen ina jin motsin leda, ina jin Likita shi ma yana ci, da saurin wanda ya wuni da yunwa. Can ya yi gyaran murya.

"Malam."

"Ranka ya daɗe," in ji Bazazzagi.

"Ka faɗa wa mutuminka, in mun koma ya sanar da iyayensa su je Gembu wurin yayana. Na yi magana da shi tun kafin Sallah, yana jiransu."

"Tun kafin Sallah? To wannan wahalar da muka sha fa? Ba jarrabawa ba ce?"

"Jarrabawar me? Gwiwata ce ta fara ba ni matsala, Hajiya ta ce bana ba zan tafi ni kaɗai ba. Na duba na ga wa ya fi cancanta ya raka ni in ba ɗana ba."

Bazazzagi ya leƙo ta saman dutsen don ya isar mini da saƙon da na riga na ji. Ya same ni da dambu cike da baki, hawaye na bin fuskata. Tun rasuwar mahaifina ba wanda ya kira ni da wannan suna. Farin ciki ne ya kama ni, da kewa, duka a lokaci ɗaya, ban kuma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba tunda akwai dutse. Ya dube ni ya koma ya zauna bai ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba a wurinsa. Amma ya rama daga baya, don kafin mako ya zagayo duk Bahaushen da ke Doha ya ji cewa Bakano ya suma a Oman saboda rowar ruwa.

Ba mu kai ƙololuwa ba. Likita ya dubi rana ya ce mu juya. Na ce ta bakin Bazazzagi in an ba ni ɗan lokaci zan iya ƙarasawa, ya ce a faɗa mini ya ga ƙololuwa da yawa a rayuwarsa, wannan ma ya gan ta daga nan. Wajen saukowa shi ya shiga gaba, ya bar ni a ƙarshe, kuma duk bayan ɗan lokaci sai ya tsaya ya ƙura wa wani dutse ido a gabansa ya ce, "Malam, zan daɗe ina kallon wancan." Ni kuma in ɗaga gora in sha har maƙogwarona ya yi ƙarar da yake so. Muka iso masauki rana na faɗuwa, ƙafafuna kamar na aro, ina ta dariya ni kaɗai.

Baffannina suka je Gembu, aka ɗaura aure kafin azumi ya zagayo. Mun ƙara shekaru a Doha tare da Likita kafin ya ajiye aiki ya koma gida. Ya yi wa 'ya'yana huɗuba, ya duba su in ba su da lafiya, ya sha kirana a waya a kan abin da bai kai a kira ba don dai mu gaisa. Amma in aka kawo abinci ran Juma'a, sai ya tuna yana da waya da zai buga a ciki, ni kuma in tuna na bar wani abu a mota. Har Allah ya karɓi ransa a Gembu ba mu sake zama cin abinci wuri ɗaya ba. Wancan na kan dutse shi ne na ƙarshe, yana gefensa ina gefena, ina jin taunarsa yana jin tawa.